Zan Sayar Da Kekunan Ɗinkina In Koma Kano Neman Shiga Fim

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 24, tela a Tudun Wadar Kaduna. Tun ina Islamiyya ni ake ba babban matsayi a diramar walimar sauka, yanzu kuma ina ɗan barkwanci a TikTok, mutane na yabawa. Burina in zama jarumin fim. Bara wani mutum ya karɓi naira dubu 45 a hannuna wai kuɗin rajista, kuɗin kuma na adashen mahaifiyata ne, ta ba ni a ɓoye. Ya kai ni lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a Kano, na wuni ina jira. Da aka zo fitowata sai bakina ya bushe. Da na samu na fara, darakta ya tsayar da ni sau huɗu, ya ce ihu nake yi kuma ba na sauraron abokin wasana, ƙarshe ya sa wani a gurbina a gaban jama'a. Mutumin nan ya daina ɗaukar wayata. Mahaifina bai san komai ba, ba ya ma son jin zancen 'yan fim. Abokaina sun ce rashin ubangida ne matsalata, sai na tare a Kano. Ina tunanin sayar da kekunan ɗinkina biyu in tafi. Amma tun ranar nake tambayar kaina ko dai ba ni da baiwar ne. A ba ni shawara.

Naka, wani matashi daga Tudun Wada, Kaduna.

Wa alaikumus salam ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma inda na fi tsayawa shi ne ƙarshenta, wurin da kake tambayar ko ba ka da baiwa. Na tabbata ita ce take hana ka barci, don haka da ita zan fara. Wuni ɗaya a lokeshan ba ya auna baiwar kowa. Ka je garin da ba naka ba, ka zauna tun safe cikin mutanen da suka san juna kai kaɗai ne baƙo, wataƙila ko abincin kirki ba ka ci ba, ga nauyin kuɗin mahaifiyarka a ƙirjinka. Sai can da yamma a ce tashi ka tsaya nan, fitila a fuskarka, kowa ya zuba maka ido. Bakin wa ba zai bushe ba? Ni ma ranar da aka fara tsayar da ni gaban makirfo a wani gidan rediyo a garin nan, shekaru masu yawa da suka wuce, takardar hannuna rawa take har ƙararta na shiga cikin abin da ake ɗauka. Na koma gida ranar ban iya cin tuwon dare ba. Na san irin zafin da ka kwana da shi.

Daraktan nan bai kyauta ba da ya yarfa ka a bainar jama'a, wannan kam ba zan wanke shi ba. Amma ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Kyamara ta haya ce, janareta na shan mai, akwai bakunan da zai ciyar, rana na faɗuwa, ga fitowa da yawa ba a ɗauka ba. Ba shi da lokacin koyar da kowa a wannan wunin. Duk da haka, cikin faɗan nasa ya ba ka abin da abokanka ba su ba ka ba: ya gaya maka ainihin inda ciwon yake. Ya ce kana ihu, ya ce ba ka sauraro. Bai ce ba ka iya ba. Waɗannan biyun kuwa cuta ce da kusan duk wanda ya fito daga dandamali yake zuwa da ita, kuma tana da magani.

A walimar sauka, dole wanda ke bencin ƙarshe ya ji ka ya kuma ga fushinka, don haka ka saba ɗaga murya da wurga hannu. A TikTok kuma kana da daƙiƙa kaɗan ka kama mai kallo kafin yatsansa ya wuce da kai, sai ka zaro ido, ka karkace baki. Duka biyun sun horar da kai ka tura wasa waje da ƙarfi. Kyamarar fim kuwa ita ce take zuwa wurinka. Tana iya matsowa har fuskarka ta cika allo, makirfo yana bisa kanka ko a maƙale a ƙirjin rigarka yana jin numfashinka. A irin wannan kusancin, haɗiye yawu kaɗai ya isa ya nuna tsoro, sauke ido ya isa ya nuna kunya. Abin da ya jawo maka tafi a Islamiyya, a nan shi ne ihun da darakta yake nufi.

Rashin sauraro ya fi wannan zurfi. Sabon ɗan wasa yakan tsaya gaban abokin wasansa yana maimaita layinsa a zuci, yana jiran wancan ya rufe baki ya jefa nasa. Kyamara tana ganin haka ƙarara, don idon mai jira a mace yake. Gwada wannan a daren yau: ɗauki fim ɗin da kake so, ka kashe sautin, ka bar kallon mai magana, ka kalli wanda ake yi wa maganar. Za ka ga gwanayen a nan suke aikinsu, maganar tana sauka a fuskarsu kafin su amsa. Sau da yawa ma edita a kan fuskar mai sauraro yake tsayawa, domin a nan labarin yake. Kuma sauraron nan shi ne maganin bushewar baki. Wanda hankalinsa ke kan abokin wasansa ba shi da sararin tunanin masu kallonsa.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa zancen sayar da keke ya fi komai tayar mini da hankali. Ɗana, makarantar da kake nema a Kano, kana zaune a cikinta kullum. Akwai inda ake ganin halin ɗan Adam tsirara kamar shagon tela a goman ƙarshe na azumi? Ga magidancin da ya zo karɓar ɗinkin yaransa ba shi da cikon kuɗi, sai ya tsaya yana kushe wuyan riga don kada a gane abin da ke damunsa. Ga angon da yake gwada babbar riga yana satar kallon madubi, yana so ya yi murmushi yana jin nauyin abokansa. Ga dattijon da ya kawo shaddar da ta shekara a akwati, yana shafa ta kafin ya miƙa maka. Ga wanda aka ce masa gobe har sau uku, ya shigo bai ɗaga murya ba, sallamarsa kaɗai ta sa kowa ya yi tsit. Ka lura da na ƙarshen nan sosai. Wanda ransa ya ɓaci da gaske ba kasafai yake ihu ba, murya ce take yin ƙasa, kalmomi su gajarce. Ka lura kuma da na farkon: bakinsa na zancen wuyan riga, zuciyarsa na kan aljihunsa. Duk fitowa mai kyau haka take, akwai abin da mutum yake faɗa, akwai abin da yake so. Idan aka ba ka takarda, kafin ka haddace ko kalma ɗaya ka tambayi kanka, wannan mutumin me yake nema wurin wanda ke gabansa, me kuma ya hana shi faɗa kai tsaye? Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye kusa da almakashi. Kullum mutum ɗaya: yadda ya shigo, inda ya sa hannunsa, abin da ya ƙi faɗa.

Ba sabuwar hanya nake nuna maka ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja, Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, kuma soja ne na gaske kafin ya zama sojan dirama. Hausar bariki da tsawar da ya riƙa sa mutane dariya da su a rediyo da talabijin a nan Kaduna, a rayuwar da ya yi ya tsince su. Har ya rasu a 2023 ba a samu wanda ya kwaikwaye shi ya yi daidai ba, saboda masu kwaikwayon shi suke kallo, shi kuwa mutane ya kalla. Wannan ne ya sa zan roƙe ka ka bar kwaikwayon jarumin da kake so, in kana yi. Masana'antar tana da shi, ba ta buƙatar na biyunsa.

Kallo kaɗai dai ba ya isa, sai an sa jiki. Nemi mutum biyu ko uku masu son abin da gaske, ba masu son a gan su ba, ku tsayar da rana biyu a mako bayan an rufe shago. Ku rubuta gajeriyar fitowa ta minti biyu, mutum biyu kawai, a kan abin da kuka sani: ƙane ya zo neman rance wurin wansa, ko yaron shago zai gaya wa maigidansa ya ɓata yadin mutane. Ku kafa waya a wuri ɗaya ku ɗauka sau uku. Na farko yadda ka saba, na biyu ka rage rabi, na uku ka zauna a kan hannuwanka, ba abin da zai motsa sai ido da murya. Ku kalla tare. Zan yi mamaki in na ukun bai fi kama zuciya ba. Ka kuma saba da maimaita abu iri ɗaya, domin a lokeshan fitowa guda ana ɗaukarta daga nesa, a matso, a juya ta ɓangaren abokin wasanka. In ka ɗaga kofi da hannun dama a kan wata kalma, haka za ka yi kowane karo, in ba haka ba edita ba zai iya haɗawa ba. Sabon da ya san wannan, ya san inda aka ce ya tsaya bai gota ba, bai kalli cikin kyamara ba, darakta ba ya manta shi.

Sai harshe. Mu mutanen Kaduna Hausarmu ta sha gauraye, rabin zance Turanci ne, ga kuma tasirin Zazzaganci da ba ya cika bambance namiji da mace a magana. A titi wannan ba laifi ba ne, wani matsayin ma shi yake so. Amma ran da aka ba ka malamin zaure ko hakimi, kunnen Bakano da na Bakatsine zai kama ka a jimlar farko. Ka riƙa karanta jaridar Hausa da ƙarfi minti goma kullum kana ɗaukar muryarka, ka saurara, ka ji inda kake haɗiye ƙarshen kalma, inda ƙ da ɗ da ɓ suke zamewa. Ka zauna da tsofaffi ka ji yadda suke ajiye magana. Turancin naka kuma kada ka yar, jari ne. Marigayi Ƙasimu Yero, ɗan Zariya da ya rasu a 2017, da harsunan biyu ya yi suna a talabijin.

To, zancen Kano. Gaskiya ne can ce cibiya, tun 1990 da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kafu a garin. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zamanin da kasuwar fim take a faifai, komai sai ya bi ta hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, ya wuce. Satar fasaha da wayar hannu sun kashe faifan, harkar ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Yanzu ana ɗaukar fim a Kaduna, ana yi a Jos da Zariya, kuma furodusa a Kano yana iya ganin aikinka a wayarsa ba tare da ka kwana a garin ba. Kada ka raina garinku. Tun 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, dirama ta yi kusan shekara 30 tana fita daga nan kafin a san fim ɗin bidiyo. Mujallar Fim ma a nan aka kafa ta a 1999. Ga bikin baje kolin fina-finai na ƙasa da ƙasa da ake yi a Kaduna, inda akan shirya bita, ka sa ido a kan sanarwarsa. Daga tashar Kawo kuma mota ɗaya ce zuwa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da sashen koyar da wasan kwaikwayo da dandalinta na Drama Village a Samaru. Ka je ka kalli wasan ɗalibai ko sau ɗaya, ka ga abin da horo yake mayar da mutum. In kana da takardun sakandare masu kyau kuma ranka na son karatun, nan ko Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos hanya ce, sai dai doguwa ce mai cin kuɗi, kuma ɗinkin ne zai biya ta.

Sabon ɗan wasa ba ya ci da fim. Abin da ake sallamarsa da shi sau da yawa kuɗin mota ne, wani lokacin ma godiya ce kawai. In ka sayar da keke ka saki reshe ka kama ganye. Kuɗin zai ƙare a haya da abinci cikin 'yan watanni, daga nan yunwa ce za ta riƙa zaɓar maka aiki, ka karɓi matsayin da da kunyar mahaifinka ba za ka karɓa ba. Mai sana'a a hannu shi ne yake iya cewa a'a.

Kuma keken nan yana iya zama ƙofarka. Kowane fim yana buƙatar sutura: kayan dogarai, rigar tsohon ƙauye, anko na fitowar biki, rigar da ta yage a tsakiyar aiki ana neman mai gyarawa nan take. Masu son fitowa a fim sun fi a ƙirga, telan da ya san aikinsa kuma yake cika alkawari kuwa nemansa ake yi. Ka nemi masu shirya fim na nan Kaduna ta hannun ƙungiyarsu ta MOPPAN, ka gabatar da kanka a matsayin mai kula da sutura da yake koyon wasa. Za ka wuni a lokeshan da dalili, ana biyanka, kana kallon yadda gwanaye suke yi sau goma sau ashirin, kyamara ta daina ba ka tsoro. Ranar da wani bai zo ba, kuma irin ranar ba ta wuya, darakta zai waiga ya ga wanda ya sani. Ubangidan da abokanka suke magana a kai, ta haka ake samun na kirki: ya ga amfaninka da halinka tukuna. Wanda aka saya da kuɗi ka riga ka ga ƙarshensa.

Shi mutumin, ka tura masa saƙo ɗaya cikin ladabi ka nemi rasit ko kuɗinka. In akwai wanda ya haɗa ku, ka sanar da shi. In shiru, kada ka ƙara asarar kuɗin mota a kansa. Nan gaba ka riƙe wannan: rajista ta gaskiya a ofis ake yinta, da takarda da rasit, ko ta ƙungiya ce ko ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda masu aiki a can suke bi ta hannunta. Ba a biyan kuɗi don a sa mutum a fim, ɗan wasa ake biya.

Mahaifiyarka ita ce ta fi ba ni tausayi a labarin nan. Adashe ba kuɗin banza ba ne, akwai abin da ta yi niyya da shi ta fasa saboda kai, sannan ta ɗauki nauyin ɓoye wa mijinta. Ban gani a wasiƙarka ka ce ta san yadda aka ƙare ba. Ka zauna da ita a makon nan ka gaya mata komai, har da cire ka da aka yi. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ba ta duk wata, ɗinkin Sallah ya cike sauran. Za ta ce ta yafe, ka biya duk da haka.

Mahaifinka kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Tsoronsa yana da tushe: yana jin labaran da ake yaɗawa a kan 'yan fim, yana tunanin ranar da za ka je neman aure a tambayi sana'arka, yana gudun sunan gidansa. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya gan ka a wayar wani a majalisa, a ce ga ɗanka. Kada ka bari ya ji a bakin duniya. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunka ko amininsa, ka fara yi masa bayani, sannan ku je tare bayan sallar isha'i lokacin da hankalinsa yake kwance. Kada ka je masa da zancen zama jarumi. Ka ce kana neman izininsa na shekara ɗaya, shago yana nan ba za ka rufe ba, ba za ka tare a wani gari ba, ga irin fitowar da ba za ka taɓa yi ba, kuma duk abin da ka yi shi zai fara gani. Ina kyautata zaton mutumin da ya kai shekarunsa a Kaduna ya yi dariyar Samanja, a bar kawun naka ya tuna masa. In zancen mutuncin sana'ar ya taso, a gaya masa a 2024 Ali Nuhu, ɗan wasan Hausa, aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Zancen adashe kuwa ka bar wa mahaifiyarka ta zaɓi yadda za ta faɗa, kai dai ka ɗauki laifin a kanka in ya fito.

Yana iya cewa a'a. In ya ce, kada ka yi musu kuma kada ka bi ta bayan gida. Ka tambaye shi ko zai yarda da ɗinkin suturar kawai, ko diramar rediyo inda murya ce take aiki, ko wasannin faɗakarwa na makarantu. Iyaye da yawa da suka ƙi a zaman farko sukan sassauta in sun ga wata shida sun wuce yaro bai canza hali ba, sallarsa na nan, shagonsa na buɗe. Atisayenka da littafinka kuwa ba wanda ya hana ka su.

In shekarar ta cika, ka zaɓi fitowa uku mafi kyau cikin waɗanda kuka ɗauka, ɗaya ta fushi marar ihu, ɗaya ta ban dariya, ɗaya wadda kai ne mai sauraro, ka haɗa su kada su wuce minti uku. Ita za ka riƙa tura wa daraktoci, har da wanda ya cire ka in ka samu hanyarsa. Kafin nan, ka sake rubuto mini bayan ka zauna da mahaifiyarka, ina so in ji yadda kuka yi. Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya zuciyar mahaifinka.